Yadda Za Ka Gyara Salon Kashe Kuɗinka Har Tanadi Ya Zauna, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta maimaitawa, kowa da irin kalmominsa. Kuɗi suna shigowa, ba a yi wata bushasha ba, amma kafin wata ya raba tsakiya aljihu ya yi fayau. Wasu sun ce sun sha ɗaura niyyar tanadi, niyyar ba ta taɓa wuce mako biyu ba. To ta ina ake farawa?

Niyya kaɗai ba ta riƙe kuɗi. Tsari ke riƙe su, kuma tsarin yana da jeri. Yawancin masu farawa suna somawa da hana kansu ƙananan abubuwan jin daɗi, alhali a jerin da ke ƙasa wannan sai a mataki na shida ake isowa gare shi. Shi ya sa suke gajiya da wuri.

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan littafi mai shiga aljihu da biro, ambulan huɗu ko biyar, da wurin ajiya na biyu wanda ba shi ne kake cire kuɗin yau da gobe daga ciki ba. Lokaci kuwa, minti biyar kowane dare da awa ɗaya a ƙarshen wata. A duk misalan da zan bayar, a ɗauka abin da ke shigo maka a wata 100 ne, ko da wane irin kuɗi kake mu'amala.

1. Rubuta, kada ka rage komai tukuna

Tela ba ya sa almakashi sai ya ɗauki awo. Kwana 30 na farko awo kawai za ka yi. Duk abin da ya fita daga hannunka ka rubuta kwanan wata, abin da ka saya, nawa ne, da hanyar da ka biya: tsaba, kati, ko turawa ta waya. Sai gurbi na biyar, wanda na fi ba wa muhimmanci a kan sauran: me ya sa? Kalma ɗaya ta wadatar. Yunwa. Gajiya. Kunya. Ragi. Rakiya. Gurbi huɗun farko lissafi ne, na biyar ɗin shi zai nuna maka halinka.

Rubuta nan take, kafin ka mayar da canji aljihu. Wanda ya bari sai dare zai tuna manyan ya manta ƙananan, kuma ƙananan ake farauta. Da dare ka ƙirga abin da ya rage a hannunka, ka gwada da abin da littafi ya ce ya kamata ya rage. Giɓin da ka kasa gano inda ya tafi, rubuta shi a layinsa da sunan “ban sani ba”. A makon farko wannan layin kan ba mutum tsoro, daga baya ya riƙa ƙanƙancewa da kansa.

In kana da asusun banki, nemi bayanin shige da ficen wata uku da suka wuce. Ja layi a ƙarƙashin duk wani ciri da ke dawowa kowane wata ba tare da ka taɓa komai ba.

Gargaɗi: kada ka yi wa littafin kwalliya. In ka matse hannu a wannan watan don lissafi ya yi kyau, ka auna wani mutum daban, ba kai ba. Kuma kada ka ɓata kwanaki kana neman manhajar da ta fi kowacce. Littafin lissafin gida na Japanawa da ake kira kakeibo, wanda 'yar jarida Hani Motoko ta fito da shi a 1904, takarda ce da alƙalami, kuma har yau ana amfani da shi. In ka zaɓi manhaja, duk wadda ta nemi lambar sirrin katinka ka goge ta.

2. Kasa abin da ka rubuta gida huɗu

Gida na farko, dolen da adadinsa ba ya motsi, kamar haya da biyan bashi. Na biyu, dolen da ke hawa da sauka: abinci, sufuri, wuta, magani, waya. Na uku, son rai. Na huɗu, ba-zata.

Gida na huɗu ne ke yaudarar mutane. Rabin abin da ake kira ba-zata, an san da zuwansa tun farkon shekara: kuɗin makaranta, sabunta takardun abin hawa, gyaran injin da ya daɗe yana ƙara, hidimomin da ke zagayowa kowace shekara. Zauna ka jera su duka, ka haɗa, ka raba 12. In jimillarsu ta kai 120, to kowane wata 10 ba naka ba ne, na waɗannan hidimomin ne, ko da ba a watan za a biya ba. Wanda bai ware wannan 10 ɗin ba shi ne za ka ga ya tara kuɗi na wata biyar, a na shida ya kwashe tas, ya ce tanadi bai karɓe shi ba.

Za ka ci karo da shawarar rabon 50, 30, 20, wato rabi ga dole, 30 ga son rai, 20 ga tanadi da biyan bashi. Elizabeth Warren ta Amurka da 'yarta ne suka yaɗa ta a 2005. Ma'auni ne mai kyau ga mai ɗan hali. Amma wanda dole kaɗai ke cinye masa 80 kada ya ga ya gaza. Ya yi nasa rabon da abin da littafinsa ya nuna.

Ga wanda samunsa ba albashi ba ne, wani watan a samu da yawa wani watan a sha da ƙyar: duba wata shida na baya, ka ɗauki mafi ƙarancinsu, ka gina tsarinka a kansa. Ɗan kasuwa kuma ya raba aljihun jari da na gida, ya yanka wa kansa albashi. Cin uwar kuɗi ba a jin zafinsa sai ranar da za a je sari.

3. Cire tanadi ranar da kuɗi suka shigo

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Mai jiran ƙarshen wata ya ajiye abin da ya saura ba zai ga saura ba, don kuɗin da ke kusa da hannu ba sa rasa aikin yi. Juya jerin. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin a biya kowa, kason tanadi ya bar asusun. In bankinka yana karɓar umarnin cirewa da kansa kowane wata, ba shi umarnin, ka sa ranar ta zama washegarin shigowar albashi. Mai samun kullum ya cire nasa kullum, da zarar ya tashi daga aiki.

Nawa? Abin da ba zai sa ka koma ka ɗebo ba. In 5 ne, 5. In 2 ne, 2. A watannin farko ba yawan ake nema ba, sabo ake nema.

Wurin ajiyar ya zama mai wuyar kaiwa. Asusun da ba shi da kati, wanda kuma ba ya cikin manhajar da kake buɗewa sau goma a rana. An gwada wannan a ƙasar Filifin: masu bincike Nava Ashraf da Dean Karlan da Wesley Yin sun yi wa abokan hulɗar wani banki tayin asusun da ba a cire kuɗi daga ciki sai an kai ranar ko adadin da mutum ya yanka wa kansa. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna bayan shekara guda ajiyar waɗanda aka yi wa tayin ta ɗara ta sauran da kimanin kashi 81 cikin 100.

Abin da za ka fara tarawa shi ne kuɗin ko-ta-kwana. Fara da burin dolen wata ɗaya, daga baya ka nufi na wata uku zuwa shida.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, kuɗin ko-ta-kwana kada a kulle su kulle mai tsanani, don rashin lafiya ba ta jiran wa'adin banki. A kulle na dogon buri, na gaggawa a nisanta shi kawai. Na biyu, tambayi cajin asusun kafin ka buɗe: na kula da asusu, na saƙon sanarwa, na cirewa kafin wa'adi. Ajiya 'yar kaɗan caji kan iya lashe ta. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa kuma ya faɗa tun a teburin buɗe asusu.

4. Fara yanka daga masu maimaita kansu

Koma kan layukan da ka ja a bayanin banki. Rajistar kallon da ka manta da ita, manhajar da ka shiga gwajin kyauta ta ci gaba da cira, tsarin data mai sabunta kansa, layin waya na biyu da ba ka kira da shi. Soke su yau. Daɗin wannan matakin shi ne shawara ɗaya kake yankewa, ta riƙa biyan ka kowane wata ba tare da ka sake kokawa da zuciyarka ba.

Daga nan ka dubi manya uku da ke cinye yawancin samun kowane gida: muhalli, sufuri da abinci. Rage kashi 10 cikin 100 na abin da ke cin 30 ya ba ka 3. Kafin ka samu wannan 3 ɗin daga ƙananan saye-saye, sai ka hana kanka abubuwa da yawa. Haɗa tafiye-tafiye uku su zama ɗaya, raba kuɗin hanya da abokin aiki, tafi da abincinka wurin aiki ko da kwana uku ne a mako.

Kuskuren da ake yawan yi: yanke abin da zai dawo da tsada. Magani, gyaran abin hawa a kan kari, da abinci mai gina jiki ba wurin tsimi ba ne.

5. Raba kuɗin son rai mako-mako, kuma tsaba

Abin da ka ware wa son rai da ƙananan hidimomi, kada ka riƙe shi dunƙule. Kasa shi huɗu, kowane kaso a ambulan ɗinsa, ka rubuta ranar buɗewa a bayansa. Watan da ke da mako na biyar, a kasa biyar. In na wannan makon ya ƙare ranar Alhamis, sai haƙuri zuwa Litinin. Haƙurin kwana uku abu ne mai yiwuwa, na kwana goma sha biyu shi ke kai mutum cin bashi.

Me ya sa tsaba? Don rabuwa da takardar kuɗi yana da ɗan zafi, dangwala kati kuwa ba shi da shi. Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT ta Amurka sun yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando, suka ce wa wasu da tsaba za su biya, wasu da katin bashi. Tayin masu kati ya kai kusan ninki biyu na masu tsaba, kamar yadda suka wallafa a 2001. In riƙe tsaba bai yi maka ba, saboda tsaro ko yanayin aikinka, buɗe ƙaramin asusu na kashewa, ka riƙa tura masa kason mako kowace Litinin, katinsa kaɗai ya zauna a aljihunka.

Gargaɗi: ranar da ka fara ranto daga ambulan na mako mai zuwa, tsarin ya fara rushewa. In hakan ta faru mako biyu a jere, kason ne ya yi kaɗan. Gyara lissafin, kada ka ci gaba da yi wa kanka sata.

6. Yanzu ne za a taɓa ƙananan halaye

Ɗauko littafin, ka karanta gurbin “me ya sa” daga sama har ƙasa. Za ka ga kalma biyu ko uku ne ke ta dawowa, kuma a lokuta sanannu. Ɗauki misalin mutumin da ya kwanta da dare, waya a hannu, yana ta jan allo. Talla ta gifta, an rubuta saura awa biyu ragi ya ƙare. Katinsa na ajiye a manhajar, adireshinsa ma haka. Ya ɗora babban yatsa, shi ke nan, an cire. Tsakanin gani da biya bai kai daƙiƙa ashirin ba, kuma da safe da ƙyar zai tuna launin abin da ya saya. Wannan mutumin ba wa'azi yake buƙata ba. Ya cire katin daga manhajar, ta yadda sai ya tashi ya ɗauko shi ya shigar da lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe sanarwar manhajojin saye, ya fita daga jerin masu karɓar saƙon talla. Sau da yawa ƙiwar tashi daga gado ta isa ta tsare masa kuɗinsa.

Ga duk abin da ba ya cikin tsari, sa wa kanka wa'adi: awa 24 ga ƙarami, kwana 30 ga babba. Rubuta shi a bayan littafi da kwanan wata. In wa'adi ya cika kana son sa har yanzu, kuma akwai kuɗinsa, saya ba tare da jin laifi ba. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za ka tarar sun fita daga ranka.

Wata dabara ita ce mayar da farashi zuwa lokacin aiki. Mai aikin awa 8 na kwana 22 yana yin awa 176 a wata. Abin da zai ci 10 daga cikin 100 ɗinsa ya ci awa 17 da ɗoriya, fiye da yini biyu na gumi. Haka kuma ɗan abin da ke cin rabin 1 kullum, a wata ya zama 15.

Kada ka kama halaye biyar a lokaci guda. Ɗauki ɗaya, wanda ya fi cin kuɗi, ka nemo abin da zai maye gurbinsa. In gajiya ce ke sa ka sayen abinci a hanya, maganin yana cikin abin da ka tanada tun safe. In rakiya ce, je ka zauna da abokanka, amma da abin da ke cikin ambulan kawai. Kuma ka ba abin lokaci. Binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, na 2009, ya samu cewa sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Don haka in ka zame ranar Asabar, ka ci gaba ranar Lahadi.

Ni dai ba na goyon bayan a share son rai gaba ɗaya. Bar wa kanka abu ɗaya da kake jin daɗinsa da gaske, ka sa shi cikin tsari da sunansa. Tsarin da babu daɗi a cikinsa ko kaɗan, ranar da aka ɓalle daga gare shi ɓarnar ta fi ta da.

7. Cefane

Duba abin da ke gida kafin ka fita, rubuta jeri, kada ka je da yunwa. Gwada farashi da awo, ba da girman leda ko kwali ba, don babban ƙunshi ba kullum ya fi araha ba. Sari yana da riba ne kawai a kan abin da ba ya lalacewa kuma tabbas za a yi amfani da shi. Ragin kashi 30 a kan abin da ba ka fito saye ba, ba 30 ka samu ba, 70 ka kashe.

8. Bashi

Jera duk bashin da ke kanka a shafi ɗaya: wa ke bi, nawa, ruwa nawa, yaushe. Biya kowa mafi ƙarancin da aka yi yarjejeniya, ragowar ƙarfinka ka tara a kan guda ɗaya. A lissafi, farawa da mai ruwa mafi tsada ya fi rage asara. Amma wanda gwiwarsa ke saurin sanyi ya fara da mafi ƙanƙanta, ya ga ya goge suna ɗaya daga shafin. Duk wanda ka zaɓa, in ka gama da guda ka juya kuɗinsa kan na gaba.

Gargaɗi: rancen gaggawa ana faɗin cajinsa ne a mako ko wata don ya yi ƙanƙanta a kunne. Kashi 10 a wata, kashi 120 ne a shekara tun kafin ruwa ya hau kan ruwa. Kashi 15 na mako biyu kuwa ya kai 390. Tsarin “ɗauka yanzu, biya kaɗan-kaɗan” shi ma bashi ne, a rubuta shi a shafin. Kuma ko kana cikin biyan bashi, kada ka bar kuɗin ko-ta-kwana babu komai, in ba haka ba matsala ta farko za ta mayar da kai wurin mai rance.

9. Mutanen gida da masu neman taimako

Tsarin da mutum ɗaya ya yi a ɓoye a gidan mutum biyar ba ya kai labari. Zauna da abokin zamanka, littafi a buɗe, ka fara da taka ɓarnar kafin ka nuna ta wani. Ku sa wa tanadin suna, don “kuɗin karatun yara” ya fi wuyar taɓawa a kan “ajiya” kawai.

Taimakon dangi da abokai kuma a ba shi nasa ambulan. In ya ƙare, amsar tana nan a shirye, ba ƙarya a ciki: “Yaya, ka yi haƙuri, abin da na ware na wannan watan ya riga ya fita. In Allah ya kai mu farkon wata zan tuna da kai.” Rance kuwa, kada ka bayar da abin da in bai dawo ba zai ɓata zumunci.

10. Zaman ƙarshen wata

Awa ɗaya, rana tsayayya. Nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa aka ajiye, wane gida ne ya wuce iyakarsa, me za a canza guda ɗaya a wata mai kamawa. Bayan wata uku kana iya daina rubuta kowane ƙaramin abu, ka bar ambulan su yi aikin, amma ka koma cikakken rubutu duk lokacin da samu ko hidima suka sauya.

In an yi maka ƙarin albashi ko kasuwa ta buɗe, ɗaga kason tanadi a ranar, kafin jiki ya saba da sabon samun. Da wannan dabarar masu bincike Richard Thaler da Shlomo Benartzi suka gina wani shiri a wani kamfanin Amurka, inda ma'aikata suka amince tun da wuri a riƙa ƙara musu kason ajiya duk lokacin da albashi ya ƙaru. Cikin wata 40 ajiyarsu ta tashi daga kashi 3.5 zuwa 13.6 na albashi.

Idan kuɗin suka fara taruwa, abu biyu za su taso. Na farko hauhawar farashi. Raba 72 da adadinta na shekara, za ka samu kimanin shekarun da darajar kuɗi za ta rabe biyu: a kashi 18, shekara 4 ne. Don haka abin da ya haura kuɗin ko-ta-kwana bai kamata ya kwanta haka kawai ba, a nemi cibiyar kuɗi mai lasisi ko kadarar da aka fahimta. Na biyu masu romon baka, waɗanda kan ji ƙanshin ajiya daga nesa. Wani ɗan damfara, Charles Ponzi, a birnin Boston na Amurka, a 1920, ribar kashi 50 cikin kwana 45 ya yi wa mutane alkawari, yana biyan na farko da kuɗin na baya, kuma salon bai canza ba har yau. Duk wanda ya ba ka tabbacin riba mai yawa cikin ɗan lokaci, ya ce ka yi sauri, ko ya ce ka kawo wasu a ƙara maka, nemi lambar lasisinsa, ka je shafin hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a ƙasarka ka duba da kanka kafin ka tura ko sisi.